Yadda Ake Ƙara Kujerar Fasinja a Tsohuwar Hiace Mai Wurin Kwana a Baya

Tun da na ƙara kujera mai cin mutum biyu a bayan direba a tsohuwar Hiace ɗina, wadda nake zuwa gona da kasuwannin ƙauye da ita har in kwana a ciki, tambayar da aka fi yi mini ita ce wane mai walda ya yi aikin, kuma nawa ya karɓa. Gaskiyar magana walda kaɗan ce a wannan aiki. Mafi yawansa awo ne da huji da ɗaurin noti, kuma rabinsa a ƙarƙashin mota ake yi, inda mai mota bai cika leƙawa ba. Bayanin nan ya shafi Hiace da aka ƙera daga 1989 zuwa 2004, mai inji a ƙarƙashin kujerun gaba, musamman wadda ta shigo a matsayin motar kaya, aka shimfiɗa mata katako aka yi gado da akwatunan ajiya a baya. Mai Ford Transit ko Volkswagen T4 zai iya bin matakan, sai dai mazaunin tanki da bututu ya bambanta.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata ya zauna a ranka kafin ka taɓa komai. A gwajin da ake yi wa ƙananan motoci a Turai, ana jan bel ɗin kafaɗa da ƙarfin da ya haura nauyin kilo 1,350, a ja na ƙugu da daidai wannan ƙarfi a lokaci guda, sannan idan bel ɗin a jikin kujera yake ɗaure, a ƙara ninki 20 na nauyin kujerar kanta. Ke nan kujerar mutum biyu mai nauyin kilo 40 za ta fizgi ƙasan mota da ƙarfin da ya wuce tan shida. Shi kuwa ƙarfen daɓen motar, kaurinsa kusan milimita ɗaya ne kacal.

1. Duba ko motar za ta iya

Fara da nauyi. Motocin da aka yi wa kasuwar Turai suna da ɗan allon ƙarfe ko takarda mai ɗauke da lambar casis, ƙarƙashinta kuma akwai lambobi na kilo. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, biyu na ƙarshe kuma iyakar abin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka. Cika tanki, bar gado da jarkokin ruwa da duk kayan da ka saba tafiya da su, ka hau sikelin manyan motoci a auna. Cire abin da aka samu daga lambar farko, ka raba ragowar da kilo 75, wanda shi ne abin da ake ƙiyasta wa babban mutum da ɗan kayansa. Idan lissafin bai bar wa sababbin fasinjoji wuri ba, sai a rage kaya, domin ƙara sifirin ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Duba tayoyi ma, su kasance irin na motar kaya masu harafin C a ƙarshen lambarsu.

Daga nan kai motar kan rami, a wanke ƙarƙashinta, ka shiga da fitila da ƙaramar guduma. Motocin da suka yi shekaru a ƙasashen sanyi sun sha gishirin da ake watsa wa tituna saboda ƙanƙara, kuma tsatsarsu daga ƙasa take ci, sama na sheƙi. Bubbuga daɓen da ƙarafan da suka gitta ƙarƙashinsa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawon tsatsa na zubo maka a fuska.

Gargaɗi: idan sukudireba ta huda ƙarfe da ɗan dannawa a kusa da inda kujera za ta zauna, dakatar da batun kujera, a fara yanke wurin a sa sabon ƙarfe. Faranti komai kaurinsa ba ya riƙe ruɓaɓɓen daɓe.

2. Sayen kujera da bel

A nan mafi yawan kuɗin zai tafi, kuma a nan aka fi yin kuskure. Kujerar da masu walda ke haɗawa da bututun gado, mai kushin ya lulluɓe ta da soso da leda, tana da arha tana da kyan gani, amma ba wanda ya taɓa gwada abin da za ta yi a lokacin karo. Ni dai shawarata ita ce a nemi kujerar kamfani da aka ciro daga wata bas, da ƙafafunta na asali. Ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da makamantansu. Wadda ta fi sauƙin aiki ita ce mai bel ɗin kafaɗa da na ƙugu a jikinta, domin ba sai ka nemi wurin ɗaure bel a bangon mota ba.

Kife kujerar a ƙasa ka duba ƙafafun. Lanƙwasa, tsagewa a bakin ramin noti, ko sabuwar walda da aka shafe da baƙin fenti, duk alamu ne na cewa ta ga haɗari. Tabbatar tana da matashin kai, wanda ke kare wuya idan an bugi mota ta baya. Lura kuma da ɓangaren da aka bar hanyar wucewa: kujerar da ta fito daga motar Japan ko Ingila an yi ta ne don ƙofar da ke hagu, alhali tamu tana dama.

Ja bel ɗin har ƙarshensa, ka bi shi da yatsu. Kada a samu yanka, ko zare da ya tashi, ko wurin da ya sandare yana ƙyalli kamar an goge shi da dutsen guga, domin hakan na nuna ya taɓa riƙe mutum a karo. Fizge shi da ƙarfi, ya kamata ya cije nan take. Sa harshen a makullinsa sau da yawa ka ji yana shiga da ƙara, yana fita da dannawa ɗaya. Bel na ƙwarai yana da ɗan ƙyalle ɗinke a gindinsa mai harafin E a cikin da'ira.

Gargaɗi: idan ka ga waya mai soket rawaya a jikin kujera ko bel, akwai abin fashewa a ciki da ke aiki lokacin haɗari. Kada a kusantar da wutar walda ko batir gare shi, kuma ga tsohuwar mota gara a zaɓi kujerar da ba ta da shi.

3. Kayan aiki da abin da za a kashe

Za ka buƙaci injin huji da bakunansa na milimita 3 da 6 da 11, magagari, tef ɗin awo, alli, kwali, sifanu, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, jan fentin hana tsatsa, da gam ɗin toshe kafa irin na jikin mota. Sai notuna: namiji mai kaurin milimita 10, ko 12 idan ramin ƙafar kujerar ya ba da dama, wanda aka buga 8.8 ko 10.9 a kansa. Mace mai roba a ciki wadda girgiza ba ta kwance ta. Da washa masu kauri. Sai farantan ƙarfe, ɗaya ga kowane noti, masu kaurin milimita 5 zuwa 6 da faɗin akalla santimita 8 kowane gefe, da guntayen bututun ƙarfe mai kauri da noti zai ratsa ta ciki.

Wajen kuɗi, kujera ce ke cin kaso mafi girma, sai ladan mai aiki, sai facin daɓe idan an samu tsatsa. Notuna da faranti su ne mafi arha a jerin, amma su ne masu aiki suka fi yi wa ƙwauro, shi ya sa ya fi kyau ka sayo su da hannunka ka miƙa. Yi ciniki a kan aikin gaba ɗaya, har da zuwa rami sau biyu, kuma ka ware yini guda cur, ka zauna a wurin.

Gargaɗi: noti marar lamba a kai, da mai 4.6 ko 4.8, da doguwar sanda mai zare da ake yankawa, duk ƙarfe ne mai laushi. Na rufin kwano da ƙofa ne, ba na kujerar da mutum zai zauna ba.

4. Zaɓen wuri da awo

Cire katako da leda daga wurin har ƙarfe ya bayyana. Kafin komai, nemi ramukan kamfani. Da yake motar kaya da bas jiki ɗaya suke da shi, wani lokaci za ka tarar da ramuka masu zare an toshe su da roba, ko 'yan lotsattsun alamu a daɓe inda ake huda wa bas. Idan ƙafafun kujerarka sun dace da su, ka huta da rabin aiki, domin ƙarƙashinsu a ƙarfafe yake.

Idan babu, ɗora kujerar tana fuskantar gaba, ka zaunar da mutum mafi tsawo a gidanka. Daga jinginar sabuwar kujera zuwa bayan abin da ke gabanta kada ya gaza santimita 65, daga mazauni zuwa rufi kusan 90, tsayin mazauni daga daɓe kuma tsakanin 40 da 50. Tura kujerar direba baya iyakarta yayin awon. Buɗe ƙofar gefe ka tabbatar mutum zai fita da sauri ba tare da tsallake wani ba, ka ɗaga murfin inji da na batir ka ga suna buɗuwa kamar da.

Yanzu ɗora ƙafafun a kan kwali ka zana ramukan, ka mayar da zanen kan daɓe da alli. Sai ka sake shiga rami da kwalin da tef. Zaɓi abu ɗaya da ake gani sama da ƙasa, kamar wani tsohon noti ko ramin tsiyayar ruwa, ka auna daga gare shi har ka gano inda kowane rami zai ɓullo. Abin da kake nema biyu ne: kada ya faɗa kan tankin mai, bututun birki, bututun mai, wayoyi, salansa ko farfela; kuma ya kasance kusa da ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin daɓe gwargwadon iko. Matsar da kujera santimita biyu ko uku don a samu haka ba asara ba ce.

Gargaɗi: benci mai fuskantar gefe, irin wanda ake haɗawa da gado, wurin zama ne idan an tsaya. A karo jikin mutum gefe yake tafiya, kuma bel ba ya iya riƙe shi yadda ya kamata a haka.

5. Huji

Cire wayar batir, ta baƙi tukuna. Naɗa tef a bakin huji, ka bar santimita ɗaya kawai a waje, don kada ya zarce idan ya ɓula. Mutum ɗaya ya tsaya a rami da fitila, ya sa guntun katako tsakanin daɓe da duk wani bututu da ke kusa. Fara da bakin milimita 3, rami ɗaya tak, a duba ƙasa, sannan a ci gaba. A tawa motar, duk da awon da na yi sau biyu, bakin hujin ya leƙo tazarar faɗin yatsa ɗaya daga bututun birki, kuma da babban baki muka fara da shi da ya gurje shi. Ramin milimita 3 ana toshe shi a matsa gefe ba tare da an yi ɓarna ba.

Idan ƙananan ramukan duk sun fito daidai, faɗaɗa su zuwa 6, sannan 11; idan notinka mai milimita 12 ne, sai bakin da ya ɗan fi shi kauri. Goge bakinsu da magagari, share garin ƙarfen tas domin shi ke fara jawo tsatsa, ka shafa jan fenti sama da ƙasa, ka bar shi ya bushe.

Gargaɗi: ba a huda rami da wutar walda, ko da mai aikin ya ce ya fi sauri. Wuta tana raunana ƙarfen da ke kewaye, tana ƙona fentin ƙasa, kuma tururin fetur a kusa da tanki tartsatsi ɗaya yake jira.

6. Ƙarfafa daɓe

Wannan matakin shi ne ainihin aikin. Idan mota ta yi karo ta gaba, kujera tana neman kifewa gaba: ƙafafun gaba suna danna daɓe ƙasa, na baya kuma suna fizgo shi sama. Noti da washa kaɗai za su fito ta cikin siririn ƙarfe kamar yadda maɓalli ke fita daga tsohuwar riga. Aikin faranti shi ne raba wannan fizga a kan wuri mai faɗi.

Na san haka ne da tsada. A karon farko wani mai walda ya ɗiɗɗiga ƙafafun kujerar kai tsaye a jikin daɓe, ya rantse mini ko giwa ta zauna ba za ta motsa ba. Ba a yi wata biyu ba na faɗa wani rami a hanyar gona, ba ma da gudu sosai ba, sai ƙafar baya ɗaya ta ɗago da guntun daɓe manne a gindinta, ina hango ƙasa ta ramin. Buhunan taki ne a kan kujerar ranar, ba yara ba, kuma har yau ina gode wa Allah a kan hakan.

A huda kowane faranti a tsakiya, a zagaye kusurwoyinsa huɗu, a goge gefen da zai taɓa daɓe, domin kusurwa mai kaifi yanka ƙarfe take yi idan an ja. Ya kwanta lif a jikin daɓen. Daɓen Hiace kuwa yana da tudu da kwari kamar kwanon rufi, saboda haka inda ƙafa ko faranti ya faɗa kan kwari, a cike gurbin da guntun ƙarfe mai daidai kaurinsa, in ba haka ba ɗauri zai lotsa daɓen, noti ya yi sako-sako bayan kwana kaɗan. Idan za a mayar da katako ƙarƙashin kujera, a huda shi da faɗi a sa guntun bututun ƙarfe mai tsayi daidai kaurin katakon, don ƙarfe ya zauna kan ƙarfe. Katako yana shan ruwa yana motsewa, ba a dogara da shi wajen ɗauri.

Ga kujerar da bel ke jikinta, faranti ɗai-ɗai bai wadatar da ni ba. Abin da na yi shi ne sa dogon ƙarfe mai kusurwa, irin wanda masu walda ke kira angul, mai kaurin milimita 6, guda biyu, kowanne ya bi layin ƙafafun gefe ɗaya daga gaba zuwa baya a ƙarƙashin daɓe, aka kuma haɗa bakunansu da ƙarafan da suka gitta. Ta haka fizgar ba ta tsaya kan daɓe ba, ta koma kan ƙashin motar. Idan akwai walda a nan, a sauke tanki ko a nisanta aikin daga gare shi tukuna.

Gargaɗi: kada a yanke ko a rage ƙarfen da ya gitta ko na casis don faranti ya samu wuri. Faranti ake gyarawa ya dace da mota. Idan kuma noti zai ratsa ƙarfe mai rami a ciki, sai an sa masa bututu a tsakiya don kada ɗauri ya matse shi.

7. Ɗaure kujera

Shafa gam a kewayen kowane rami, ɗora kujera, ka zura dukkan notunan daga sama kafin ka ɗaure ko ɗaya. A ƙasa a sa faranti, washa, sannan macen noti. A ɗaure kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga kusurwa zuwa kishiyarta, a ƙarasa da sifana mai awo: kusan Nm 45 zuwa 50 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar) ga noti mai milimita 10 na 8.8, kusan 80 ga mai 12. Zare biyu ko uku su leƙo bayan macen. Kowane rami da kamfani ya yi a ƙafar kujera a sa masa notinsa. Idan shida ne, shida za a sa. Bayan haka a shafe farantan da fenti, a ja layin farin fenti daga macen noti zuwa faranti.

Gargaɗi: toshe duk ramin da ba a yi amfani da shi ba. Hayaƙin salansa yana shigowa ta ƙaramar kafa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Ga motar da ake kwana a ciki wannan ba ƙaramin abu ba ne.

8. Bel ɗin da ba ya jikin kujera

Idan bel ɗin daban yake, cire kwalin bangon mota ka nemi ramin kamfani a jikin ginshiƙi. Notin bel zarensa na musamman ne, inci 7/16, kuma ba ya jituwa da na milimita 10 ko 12, don haka ka karɓo notunan asali tare da bel ɗin, har da ɗan zoben da ke barin ƙarfen bel ya juya. Na ƙugu ya sauko baya da ƙasa a karkace, ya kwanta kan ƙashin ƙugu ba kan ciki ba, tazarar maɗauransa biyu kuma kada ta gaza santimita 35. Na kafaɗa ya fito daga ɗan sama da kafaɗa, ya bi tsakiyarta ba tare da ya goge wuya ba. Duk maɗaurin da ke daɓe yana buƙatar nasa farantin.

Gargaɗi: gwangwanin da ke naɗe bel sai an kafa shi a tsayuwar da yake a motarsa ta asali, domin a cikinsa akwai abin da ke aiki da karkata. Idan aka kwantar da shi, ko dai ya ƙi fitowa ko ya ƙi cijewa. Kuma ba a ɗaure bel ɗin kafaɗa a fallen bangon mota; idan babu ramin kamfani a ginshiƙi, koma ga kujera mai bel a jikinta.

9. Kayan da ke bayan fasinja

Da motar ba ta da kowa a baya, gado da akwati in sun zame kujerar direba kawai za su daka. Yanzu akwai mutane a gabansu. Ɗaure gadon da akwatunan a daɓe da noti da faranti kamar yadda aka yi wa kujera, a ɗaure tukunyar gas a tsaye da madauri mai ƙarfi kuma a rufe kanta kafin a tashi, jak da sifanu da janareta kuma su shiga akwati mai sakata.

10. Gwaji da takardu

Mutum biyu su kama jinginar kujerar su girgiza ta da iyakar ƙarfinsu, wani yana rami yana kallo. Daɓe bai kamata ya numfasa ba, faranti kada ya motsa. Mayar da batir, taka birki da ƙarfi a tsaye, a duba ko wani bututu na tsiyaya. Sai a fita fili marar mutane, manya su zauna su ɗaura bel, a taka birki kwatsam a ƙaramin gudu sau biyu ko uku.

Daga nan ka kai motar ofishin VIO a duba ta, a daidaita adadin kujeru a takardunta, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka a rubuce cewa motar da aka yi wa rajistar kaya yanzu tana ɗaukar fasinja, don kada a sami abin kafa hujja ranar da ake buƙatar biya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta ɗaura bel tun 2003, kuma lodin da ya wuce ƙa'ida laifi ne a wurinta; kujerar mutum biyu mai bel biyu, mutum biyu za ta ɗauka.

Bayan tafiyar kilomita 100 zuwa 200 ta farko, koma rami da sifana mai awo ka sake bin kowane noti, domin fenti da gam sukan lafa ɗauri ya ɗan saki. Daga nan dubawa da ido ta wadatar a duk lokacin juyen baƙin mai, da kuma ƙarshen damina: idan farin layin da ke kan macen noti ya rabu da na kan faranti, notin ya juya, sai a cire macen a sa sabuwa, domin robar cikinta ba ta riƙo sosai a ɗauri na biyu.